Yadda za ka ƙara wa ɗan wasanka gudu da ƙarfi, daki-daki

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa. Yau wani koci ne, gobe ɗan wasa ne da kansa, kuma duk magana ɗaya ce, wai yaya ake yi yaro ya ƙara gudu, sannan ɗaga ƙarfe ba ya sa jiki ya yi nauyi? To ga shi na zauna na jero yadda nake yi daga farko har ƙarshe, tsarin sati 12 ne, kuma zai yi wa ɗan ƙwallon ƙafa, ɗan kwando, da ɗan tseren gajeren zango da bai yi nisa ba.

Kafin komai ka cire wani abu daga ranka: haki da zufa ba su ne shaidar tirenin ya yi kyau ba. Nima da na fara haka nake, in jera yara su yi mita 100 sau goma da hutun sakan 30 a tsakani, in tsaya ina jin daɗi suna zubewa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara riƙe agogo ina rubutawa sai na ga ashe gudun farko da na biyu ne kawai gudu, daga na uku lokaci sai hawa yake, na takwas kuwa jan ƙafa kawai suke. Wato wata da watanni ina koya musu yadda ake gudu a gajiye ne.

Kayan da za ka tanada

Fili mai laushi wanda ba ramuka, aƙalla mita 60. Tef na awo, alamomin ajiyewa a ƙasa guda goma, waya mai ɗaukar bidiyo a hankali, da littafi da biro. Littafin nan kar ka raina shi, ya fi rabin kayan amfani. Wajen da kuɗi ke tafiya shi ne ƙarfe: sanda da faranti da maratayin da ake ɗora sandar, in babu halin saye a yi rajistar jim, wato ɗakin motsa jiki, sau biyu a sati ya wadatar. Sandar maza ta gasa kilo 20 ce, ta mata 15, ka riƙa sa nauyinta cikin lissafi don da yawa faranti kawai suke ƙirgawa. Abin da ban ga dalilin kashe masa kuɗi ba shi ne tsanin nan na igiya da ake shimfiɗawa ana taka-taka a ciki, da lemar da ake ɗaurawa a baya. Suna kyau a hoto, shi ke nan.

1. Auna shi kafin ka taɓa shi

Ranar farko awo kawai. Bayan an ɗumama jiki ka ɗauki abu huɗu: gudun mita 10 daga tsaye, gudun mita 30, tsallen gaba da ƙafa biyu daga tsaye, sai nauyin jikinsa. Kowane gudu sau uku da hutun minti uku, ka rubuta wanda ya fi kyau.

Hattara da agogon hannu. A tseren mita 100 ana lissafin yana rage kusan sakan 0.24 in aka gwada shi da na lantarki, a mita 10 kuwa kuskuren yatsanka zai iya fin ci gaban da kake nema girma. Gara ka kafa waya a gefe ka ɗauki bidiyo mai hoto 240 a sakan in wayar na yi, ka ƙirga daga motsin farko zuwa sanda ƙirji ya wuce alama. Kuma fili ɗaya, takalmi ɗaya, mai awo ɗaya duk lokacin da za a sake, in ba haka ba lambobin ba za su gaya maka komai ba.

Ka tambaye shi tsohon ciwo, musamman bayan cinya, matsematsi, gwiwa da idon sawu. Yara suna ɓoyewa don kar a ajiye su a benci, don haka ka tambaya ku biyu ba a gaban jama'a ba. Wanda ke da ciwon ƙirji, ko ya taɓa suma yana wasa, likita zai fara gani ba kai ba.

2. Ɗumama jiki, minti 15 zuwa 20

Sassarfa ta minti biyar, sai miƙa jiki cikin motsi, wato lilo da ƙafa gaba da baya da gefe, tafiya da dogon taku ana durƙusawa, ɗaga gwiwa, dukan mazaunai da diddige. A ƙarshe gudun mita 40 sau uku ana ƙara wuta a hankali, na farko kamar kashi 60 cikin ɗari, na biyu 75, na uku 90. In ƙungiyar ƙwallo ce da kai ka nemi tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne kacal, kyauta ne, kuma bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu yinsa a kai a kai.

Miƙewar nan ta a kama ƙafa a tsaya cak minti ɗaya ko biyu a bari sai bayan an tashi. In aka daɗe a cikinta kafin gudu tana ɗan kashe kuzarin tsoka.

3. Gudu shi ne farko, tun jiki na sabo

Nan ne mutane suka fi ɓata abu, sai a gama komai na ranar sannan a ce to a zo a yi gudu a rufe. A'a. Gudu yana zuwa daf da ɗumama jiki, kafin tsalle, kafin ƙarfe, kafin a taɓa ƙwallo.

Dalili kuwa shi ne man da jiki ke ƙonawa a gudun wuce-sa'a ɗan kaɗan ne a ajiye cikin tsoka, sakan shida zuwa goma ya ƙare, kuma kafin ya sake cika sai an yi minti uku zuwa biyar. To ka ga in ka sake tura yaro bayan sakan 30 da tanki rabi ka tura shi. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce, hutun minti ɗaya kan kowace mita 10 da aka gudu. Mita 20 minti biyu, mita 40 minti huɗu. Za ka ji kamar ɓata lokaci ne, yaran na tsaye suna hira, masu kallo ma za su ce kocin nan malalaci ne, ka ƙyale su.

Gudun kala biyu ne kuma kowanne da ranarsa.

Na farko tashi, wato daga tsaye zuwa mita 10, 20, iyaka 30. Ga ɗan ƙwallo wannan ne abincinsa don yawancin gudun da zai yi a wasa bai wuce mita 20 ba. Abin da za ka duba: jiki ya karkata gaba gaba ɗayansa tun daga diddige har kai kamar mai tura motar da ta mutu, ba a lanƙwashe a ƙugu ba, ƙafa na tura ƙasa baya, hannu na tafiya da ƙarfi daga kafaɗa, kai kuma kar ya ɗago da wuri. Fara da mita 10 sau shida da mita 20 sau huɗu, jimilla 140. In kana da tudu mai ɗan gangara ka sa ya riƙa hawansa a guje, shi da kansa zai koya wa yaro karkatar ba sai ka yi ta ihu ba. Ko a ɗaura masa taya ko wani nauyi da igiya a ƙugu ya ja, a fara da kamar kashi 10 cikin ɗari na nauyin jikinsa. Gargaɗi a nan: igiyar ta kai mita uku ko fiye, kuma a ƙugu ba a wuya ko kafaɗa ba, in ta yi gajarta abin zai riƙa tsalle yana dukan agararsa.

Na biyu ƙurewar gudu. Wannan ba a samunsa a mita 20. Usain Bolt ranar da ya yi mita 100 a sakan 9.58 a Balin ta Jamus a 2009, sai tsakanin mita 60 da 80 ya kai ƙarshen gudunsa, sama da kilomita 44 a awa. Yaronka zai kai nasa da wuri, wajen mita 30 zuwa 40, amma dai sai an ba shi fili. Yadda ake yi: alama a farko, alama a mita 25, alama a mita 35, sai fili mita 20 na tsayawa. Ya taso yana ƙara wuta a hankali, in ya shiga tsakanin alamomi biyun nan ya saki duk abin da yake da shi, sannan ya rage a hankali. Sau uku zuwa huɗu a satin farko, hutun minti huɗu zuwa biyar. A nan jiki a miƙe yake, ƙugu a sama, ƙafa na sauka kusan ƙarƙashin ƙugu, fuska da kafaɗa a sake. In ka ga ya cije haƙora jijiyar wuya ta fito, gudun ya ragu ko da shi yana jin ya ƙaru.

Kar ka yarda ya taka birki da ƙarfi bayan alama ta ƙarshe, kuma kar ka ce masa ya buɗe taku. Da ya fara miƙa ƙafa can gaba yana nema, diddige zai riƙa sauka a gabansa, kowane taku ya zama birki, kuma ta nan bayan cinya ke tsagewa.

Yaushe za ka tsayar? Da lokacinsa ya faɗi da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari daga mafi kyawun na ranar, ko ka ji sawunsa ya fara yin nauyi a ƙasa daf daf, an gama, ko da saura biyu a takarda. Kuma gyara ɗaya tak a rana. In ka ce gyara hannu, ɗaga gwiwa, sunkuyar da kai duk a lokaci guda, ba wanda zai kama.

4. Tsalle

A ƙurewar gudu ƙafa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan a ƙasa ga ƙwararru, alhali tsoka na bukatar fiye da ninki uku na wannan kafin ta fitar da duk ƙarfinta. Tsalle shi ke koya wa jiki fitar da ƙarfin cikin ƙiftawar ido.

Amma sauka ake fara koya. Sati uku na farko ya hau akwati ko dakali mai tsayin santimita 30, ya sauko ya dira da ƙafa biyu ya tsaya cak sakan biyu, ba ƙara, gwiwa na kallon inda yatsun ƙafa ke kallo. Ka tsaya ta gabansa ka duba, in gwiwoyin na faɗowa ciki kamar za su haɗu kar a wuce wannan matakin, musamman ga 'yan mata don su sun fi samun tsinkewar jijiyar cikin gwiwa. Bayan nan sai tsallen gaba, ƙananan tsalle-tsalle a kan yatsu da gwiwa kusan a miƙe, sai ɗingishi da ƙafa ɗaya. Ka riƙa ƙirga sau nawa ƙafa ta taɓa ƙasa, sabon shiga kar ya wuce 80 zuwa 100 a rana, ni ma nakan fara da 40 zuwa 60 ne. Dirowa daga sama a sake tashi nan take, wanda masanin horon 'yan wasa Yuri Verkhoshansky ya shahara da shi a Tarayyar Sobiyet, na wanda ya yi ƙarfi ne sosai, ba na watan farko ba. Kuma ba a yi a kan siminti.

5. Ƙarfe

Maganar cewa ƙarfe na rage gudu daga masu gina jiki don kallo ta samo asali, su suna yin sau 10 zuwa 15 da gajeren hutu har tsoka ta kumbura. Namu daban ne, nauyi mai yawa, maimaici kaɗan, hutu mai tsawo, don abin da muke nema shi ne ƙarfi a kan kowane kilo na jikinsa.

Motsi biyar sun ishe ka: sukwat wato tsugunno da sanda a kafaɗa, dedlif wato ɗago sanda daga ƙasa da baya a miƙe, tsugunnon ƙafa ɗaya da ɗayar a kan benci ta baya, turawa kamar benci wato kwanciya a benci ana tura sanda sama, ko fushof, da jawowa kamar rataya a sanda ana ɗago jiki. A ƙara ɗan aikin ciki da gefen ciki a ƙarshe.

Sati 1 zuwa 4 koyon motsi ne, zagaye uku, sau takwas kowanne, da nauyin da in ya ajiye yana jin zai iya ƙara uku ko huɗu. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da riƙe faranti ɗaya a ƙirji ya tsugunna, sai ka ga diddige ba ya ɗagawa kuma baya ba ya gantsarewa ko ya yi doro sannan sanda ta hau kafaɗa. Sati 5 zuwa 8 zagaye huɗu, sau biyar, da kashi 80 cikin ɗari na iyakar abin da zai iya ɗagawa sau ɗaya. Sati 9 zuwa 11 zagaye uku zuwa huɗu, sau uku, da kashi 85 zuwa 88. Hutu minti uku a manyan motsin ƙafa. Saukowa a nutse, tashi kuwa da niyyar fizga ko da nauyin bai bari sandar ta yi sauri ba.

Kar ka gwada sabon shiga da ɗagawa ɗaya don ka san iyakarsa, lissafi ake yi. Ka ɗauki nauyin da ya ɗaga, ka raba yawan maimaicin da 30, ka ƙara 1, ka ninka. Misali ya tsugunna da kilo 60 sau shida da ƙyar, shida a raba da 30 ya ba da 0.2, a ƙara 1 ya zama 1.2, sau 60 ya zama 72. To iyakarsa wajen kilo 72 ke nan, kashi 80 ɗinsa kuwa wajen kilo 57 da rabi. Lissafin ya fi yin daidai in maimaicin bai wuce goma ba.

Ƙari kuma kaɗan-kaɗan, kilo 2.5 zuwa 5 a sati a motsin ƙafa in ya cika duk zagayen da kyau, in bai cika ba a maimaita nauyin. Inda ake so a je a hankali shi ne sukwat da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na nauyin jikinsa, wannan kuwa aikin shekara ne ko fiye, ba na sati 12 ba. In ya kai nan ƙarin kilo ba ya ƙara gudu kamar da, sai a karkata wajen tsalle da gudu.

Abu biyu da ba na sassauci a kansu. Ba mai shiga ƙarƙashin sanda a benci ko sukwat ba tare da mai tsaya masa ba, ko ƙarafan kariya a gefe. Sannan ba gasa tsakanin yara a ɗakin ƙarfe, da an fara wane ya ɗaga kaza nima sai na ɗaga, bayan wani na gab da tafiya. Yara ƙanana ma suna iya ɗaga ƙarfe in akwai mai kula kuma nauyin daidai ne, sai dai wanda ke tsakiyar tsawo, in ya fara kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko diddige, a rage masa tsalle da gudu har ya lafa.

6. Bayan cinya, kar ka tsallake

Ita ce tsokar da ta fi tsagewa a gudu. Maganin da aka fi tabbatarwa shi ne Nodik: ya durƙusa a kan abu mai laushi, wani ya danne masa idon sawu biyu, ya riƙa faɗowa gaba a hankali jiki a miƙe daga gwiwa har kafaɗa, yana riƙe kansa iya ƙarfinsa, in ta ƙwace ya tare da hannu. An gwada shi a Denmak kan 'yan ƙwallo 942 a binciken da ya fito a 2011, kuma da aka tattara bincike da dama daga baya an ga yana rage wannan raunin da kusan rabi. Satin farko zagaye biyu sau biyar kawai, sau ɗaya a satin, don tsamin jikin da yake sawa ba wasa ba ne, yaro zai kwana biyu yana tafiya kamar tsoho. A ƙarshen tirenin ake yi, ba kafin gudu ba, kuma ba saura kwana biyu wasa ba.

7. Jera satin

Ranakun nauyi a haɗe su wuri ɗaya, ranakun sauƙi su zama sauƙi da gaske, da awa 48 tsakanin nauyi da nauyi. Kocin tsere Charlie Francis na Kanada ne ya yaɗa wannan tsarin, duk da sunansa ya ɓaci a badaƙalar ƙwayar ɗan tserensa Ben Johnson ta 1988, rabon ranakun dai har yau ana aiki da shi.

Litinin: ɗumama, tashi, tsalle, ƙarfe, Nodik. Talata: sauƙi, ƙwallo da dabaru ko gudun da bai wuce kashi 70 ba. Laraba hutu ko miƙa jiki. Alhamis: ɗumama, ƙurewar gudu, tsalle kaɗan, ƙarfe. Juma'a sauƙi. Asabar wasa ko aikin juriya, Lahadi hutu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ranar sauƙin ta koma matsakaiciya saboda koci ya ga yara da sauran kuzari, sai Alhamis ta zo ƙafa a mace.

Duk sati na huɗu ka rage yawan aiki da kusan rabi amma nauyi da saurin su tsaya yadda suke. Wato in zagaye huɗu ne ya koma biyu, gudu takwas ya koma huɗu. Sati na 12 ma haka, a ƙarshensa a sake awon ranar farko. Kar ka sa ran abin mamaki, in mita 30 ta ragu da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na sakan an yi aiki, wannan a fili tazarar wajen mita ɗaya ce ko fiye, ita ce tsakanin wanda ya riga kai wa ƙwallo da wanda ya bi baya.

8. Abin da ke faruwa bayan an tashi

Barci awa takwas ko fiye, ruwa isasshe, da furotin wajen giram 1.6 zuwa 2 kan kowane kilo na jiki a rana, a rarraba cikin yini. Kowace safiya kafin a fara ka tambaye shi barci da tsamin jiki, in amsar ba daɗi kwana biyu a jere ka rage na ranar. Garin ƙarin kuzari da ba a san abin da ke ciki ba a guje shi, don a dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke da alhaki, ko ya sani ko bai sani ba.

In bayan tirenin mai tsanani tsoka ta kumbura ta yi ciwo fiye da kima, fitsari kuma ya koma baƙi-baƙi, asibiti za a kai shi a ranar, alamar tsoka na narkewa ce kuma tana taɓa ƙoda. Ya fi samun wanda ya dawo daga dogon hutu aka jibga masa aikin da ya saba yi da.

9. In an shiga gasa

Kar a ajiye ƙarfe gaba ɗaya, nan da 'yan makonni ƙarfin zai fara zubewa, gudu ma ya fi saurin dushewa. Ƙarfe sau ɗaya a sati ya isa riƙewa, zagaye biyu zuwa uku sau uku da nauyi mai kyau, kwana uku ko huɗu kafin wasa. Ƙurewar gudu kuma sau biyu ko uku a tsakiyar sati bayan ɗumama jiki. 'Yan benci da ba su buga ba ka ba su nasu gudun washegari ko a ranar bayan an tashi, don su ne za a jefa a minti na 70 su taka da ƙarfi da ƙafar da ta yi sati biyu ba ta ƙure gudu ba.